Ka sauya kunamar bindigarka? Ga yadda za ka gwada sefti kafin ka sa harsashi

Wanda ya cire kunamar da bindigarsa ta zo da ita daga kamfani ya sa wata, laushi yake nema. So yake yatsa ya taɓa kaɗan harbi ya tashi, bakin bindiga bai kauce daga abin da ya auna ba. Kamfanoni irin su Timney da TriggerTech a kan wannan buƙatar suke ciniki, kuma ga mai bindiga irin Remington 700 aikin bai wuce fitar da ƙusoshi biyu da mayar da su ba. Sauƙin nan shi ne abin tsoro. A wannan bindigar sefti, wato makullin da ke hana ta tashi, a jikin akwatin kunama yake, duk ranar da ka sauya kunama ka sauya sefti tare da ita. A Mauser 98 da Winchester 70 kuwa sefti yana bayan sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ciki ya rufe bayansa, ba ka taɓa shi ba, amma aikinsa ya rataya ne a kan daidai inda sabuwar kunamar ta tsayar da allurar bugun harsashi. Ko ta wace hanya, seftin da ka saba da shi ba shi ne a hannunka yanzu ba, sai ka gwada za ka san halinsa.

Gwajin ba zai yi ma'ana ba sai ka san abin da ke faruwa a ciki. Idan ka ɗaga hannun sakata, allurar da ke bugun gindin harsashi tana ja baya ta matse wani sifirin mai ƙarfi. Da ka tura sakata ka rufe, wani ɗan ƙarfe da ke saman akwatin kunama, zan riƙa kiransa haƙori, shi ke tare wutsiyar allurar ya hana ta gudu gaba. Haƙorin kuma kunama ce ke tokare shi daga ƙasa, kuma wurin da suka haɗu bai kai milimita ɗaya ba. Bindigar da aka ɗana kamar tarko ce, ƙarfi mai yawa a kan ɗan bakin da ya riƙe shi. Shi kuma sefti iri uku ne. Akwai mai tare kunama ya hana ta motsi. Akwai mai ɗaga haƙori ya raba shi da kunama, irin na tsohuwar Remington 700. Akwai kuma mai kama allurar kanta ya ja ta baya kaɗan, irin na Mauser da Winchester. A iri biyu na ƙarshe, sa sefti yana karɓe nauyin daga hannun kunama, cire shi kuma yana mayar mata da nauyin. To idan a wannan tsakanin kunama ta gusa ba ta koma mazauninta ba, nauyin zai dawo bai tarar da kowa ba. Bindiga ta tashi ke nan, babban yatsa ne kawai ya tura sefti.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Oktoba na 2000, a jihar Montana ta Amurka, wata mata ta cire seftin Remington 700 don ta sauke harsashi bayan farauta, bindigar ta tashi, harsashin ya ratsa tirelar dawakai ya kashe ɗanta mai shekara 9 da ke ta bayanta. Ta ce yatsanta bai taɓa kunama ba. Kamfanin ya daɗe yana musun cewa tsohuwar kunamarsa, wadda Mike Walker ya zana, tana da aibi, yana cewa datti ne ko taɓin marasa sani, amma a 2014 ya amince da sulhun da ya shafi bindigogi kusan miliyan 7.5. A shekarar kuma ya janye sabuwar kunamarsa X-Mark Pro da aka ƙera tsakanin Mayun 2006 da Afrilun 2014, saboda gam da ya yi yawa wurin haɗi yana iya sa bindiga ta tashi da kanta. Idan ɗigon gam a masana'anta zai iya haka, kai da ka yi aikin a kan tebur a gida ba ka da dalilin ɗauka cewa komai ya zauna daidai.

Shiri

Cire gidan harsashi, ko ka buɗe murfin ƙasa ka zazzage. Buɗe sakata, haska ramin harsashi da tocila, sannan ka sa ɗan yatsa ka taɓa. Kwashe duk harsashin da ke ɗakin ka kai wani ɗaki ka rufe, har wanda ke aljihunka. Za ka ja kunama sau da yawa a wannan aikin, hannu kuma yana da mantuwa. Duk da haka bakin bindiga ya riƙa kallon inda ko ta tashi ba za ta cuci kowa ba, kamar buhun yashi ko ƙasa mai laushi. Ƙofar katako da langa-langa da bulo mai rami ba sa tsayar da harsashin farauta. Yara su fita.

Ka tanadi harsashin gwaji, wanda ba albarushi a cikinsa, an yi shi don allura ta samu abin bugu. A manyan bindigogi na zamani harbin banza bai cika ɓata komai ba, amma a ƙaramar .22 allura na iya dukan gefen ramin harsashi ta lotsa shi. Sai gudumar roba, da tabarmar roba ko bargo a ninke, da ma'aunin nauyin kunama.

Ka kuma koyi gane ko allura ta faɗi. Za ka ji ƙas, za ka ga wutsiyarta ta shige cikin bayan sakata, sannan hannun sakata zai yi nauyi wurin ɗagawa saboda yana sake ɗana ta. Wani lokaci ba za ka ji ƙara ba sam, allurar ta bi sakata a hankali ta sauka. Shi ya sa ido da hannu suka fi kunne a nan.

Tun ƙarfe bai koma cikin ƙota ba

Fara gwaji yayin da jikin ƙarfen yake tsirara, kana ganin komai. Dubi ƙusoshin biyu da suka riƙe akwatin kunama, ka ga kowace ta zauna ba ta leƙo ta inda za ta gogi wani abu ba. A Remington 700 ta baya ita ce kuma ke riƙe da ƙarfen da ke hana sakata zarewa, tare da ɗan sifirin ɗinsa mai saurin ɓata. Danna abin sakin sakata ka ga yana sauka yana dawowa. Yawancin akwatunan kunama suna da ɗan rami a gefe, ta nan za ka hangi inda kunama ta shiga ƙarƙashin haƙori. Ɗana bindigar ka haska wurin, ka riƙe hoton a ranka, domin da shi za ka riƙa kwatantawa. Tura sefti gaba da baya. Ya kamata ya faɗa mazauninsa da ƙarfi a kowane gefe, ka ji shi a yatsa. Seftin da ke sulɓi ba ya tsayawa, ciyawa ko rigarka za su iya ture shi a daji.

Idan Mauser ce ko Winchester 70, ka zuba wa wutsiyar allura ido lokacin da kake sa sefti. Dole ka ga ta ɗan ja baya, ko da kaɗan ne. Wannan ɗan motsin shi ne shaidar cewa sefti ya ɗauke allura daga kan haƙori. Idan sabon haƙori ya tsayar da allura baya fiye da tsohon, sefti zai shiga salin-alin bai ja komai ba, mai shi ma ya ji daɗi ya ce ya yi laushi. Nan haɗarin yake. Idan kuma ya tsayar da ita gaba da yawa, sefti zai ƙi shiga ko ya shiga da ƙyar. Wannan ya fi na farko dama-dama, don ba ya ɓoye kansa.

Babban gwajin

Ɗana bindiga, rufe sakata, sa sefti. Ja kunama da ƙarfi, irin jan mai firgici, ba lallaɓa ba. Allura kada ta faɗi. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce sefti na aiki, alhali rabin gwajin ke nan, kuma rabin da ya fi sauƙin ci.

Yanzu ɗauke yatsanka gaba ɗaya daga zoben kunama, ka tura sefti zuwa harbi. Abin da ya faru a wannan daƙiƙar shi ne jarrabawar gaske. Bindiga ta yi shiru, wutsiyar allura tana nan a inda take. Sai ka ja kunama, ta faɗi da nauyin da ka sani. Idan ta faɗi da cire sefti, kunama ba ta koma ƙarƙashin haƙori ba. Idan ba ta faɗi ba amma jan da ya biyo baya ya yi sauƙi fiye da na kullum, ta koma rabi ne, wannan ma faɗuwa ce. Maimaita aƙalla sau goma, kana canza salo: wani jan a hankali, wani da fizga, wani kana danna kunama gefen dama, wani gefen hagu. Cire seftin ma wani lokaci a hankali, wani lokaci da bugun yatsa.

Sai gwajin tsakiya, wanda ni a ganina bai kamata a tsallake shi ba ko da kuwa takardar da ta zo da kunamar ba ta ambace shi ba. Ɗana bindiga, ka tsayar da sefti a tsakanin kulle da buɗe, inda bai faɗa ko'ina ba. Ja kunama, saki, sannan ka ƙarasa tura sefti zuwa harbi. A tsakiyar nan, idan sefti ya fi kusa da buɗe, jan kunama na iya sa allura ta faɗi nan take, wannan ba abin mamaki ba ne, ka ja kunama ne sefti bai shiga ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ta yi shiru lokacin jan, sannan ta tashi daga baya da turin sefti. Gwada wurare uku ko huɗu a tsawon tafiyar seftin. A daji sefti yana tsayawa a irin wannan wurin fiye da yadda ake zato, reshe ya taɓa shi, igiyar rataya ta goge shi, mai shi bai sani ba.

Mai sefti mai matsayi uku ya yi duk wannan a matsayi biyu na kulle. A Mauser 98, fiffiken seftin idan yana dama bindiga a kulle take har sakata, idan yana tsaye sama ba ta harbi amma sakata na buɗewa, hagu kuma harbi. A na tsakiya ka buɗe sakata ka rufe sau da yawa, ka ja kunama, sannan ka cire sefti. Da wannan matsayin ake sauke harsashi, don haka shi ne zai fi shan aiki kusa da mutane. Tsofaffin Remington 700 da aka ƙera kafin 1982 seftinsu yana kulle sakata, sai ka cire shi kafin ka buɗe. Idan sabuwar kunamarka ta bar ka ka buɗe sakata da sefti a kulle, alheri ne, ka saba wa hannunka da hakan.

Akwai wani ɗan gwaji da ake yi sefti a buɗe. Ɗana, ka fara matsa kunama a hankali har ka ji ka kusa, sai ka fasa ka ɗauke yatsa. Leƙa ramin gefe ka ga ko ta koma daidai inda ta taso. Maharbi yakan fara ja dabba ta gusa ya fasa, ya rataya bindiga ya ci gaba da tafiya. Idan kunamar ba ta komawa, bindigar da ke kafaɗarsa a bakin tashi take.

Bugu da girgiza

Sefti a buɗe, yatsa a waje. Ja sakata baya ka buga ta gaba ka rufe da ƙarfin da za ka yi idan kana saurin harbi na biyu, har ma fiye. Yi sau ashirin, kowane karo ka dubi wutsiyar allura. Idan ko sau ɗaya ta bi sakata ta sauka, riƙon haƙori ya yi kaɗan ko sifirin kunama ya yi laushi. Da harsashi a ciki, wannan harbi ne a lokacin rufe sakata.

Bayan nan ka ɗana, ka ɗauki gudumar roba ka bubbugi jikin ƙarfen ta gefe, ta sama, da ta bayan sakata. Kada ka bugi madubin auna nesa, in da hali ma ka cire shi. Gwajin gindi sai ƙarfe ya koma cikin ƙota: bakin bindiga sama, fuskarka a kauce, ka saki gindinta ya daki tabarmar roba daga tsayin kamar taƙi ɗaya, sau biyar ko shida. Yi shi sefti a buɗe. Sake yi sefti a kulle, kuma bayan bugun ka cire sefti ka ga ko za ta tashi, don girgiza ma tana gusar da kunama kamar yadda yatsa ke yi.

Ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, SAAMI, tana da nata ma'aunin da kamfanoni ke bi: a saki bindiga daga tsayin ƙafa 4 a kan roba sefti a kulle, a kuma sake ta daga inci 12 sefti a buɗe, ta fuskoki daban-daban. Ba na ce ka jefar da bindigarka daga ƙafa huɗu ba, za ka fasa ƙota. Abin lura shi ne ma'aunin bai shafi bindigar da aka tsara kunamarta ƙasa da laba 3 ba, wato kamar kilo 1.36. Masu sana'ar da kansu ba su yi alkawarin kunama mai sauƙi irin haka za ta jure faɗuwa ba.

Bayan ta koma cikin ƙota, a sake komai daga farko

Nan ne ake yawan yin asara, domin mutum ya gaji, ya ga komai ya ci jarrabawa, ya ɗaure sukurori ya rataye bindiga. Amma sabon akwatin kunama sau da yawa ya fi tsohon faɗi ko tsawo. Hannun sefti na iya gogar katako ya kasa kaiwa ƙarshen tafiyarsa, ka ga kamar ya shiga alhali saura kaɗan. Kunama na iya gogar gefen zobenta ta maƙale bayan an ja ta. Wani sukurun daidaitawa da ya leƙo na iya dafa katako, matsin ƙota ya canza masa zama. Ɗaure sukurorin ƙota da ƙarfin da mai ƙotar ya faɗa, na katako ba ya ɗaukar matsin da mai ginshiƙin alminiyam ke ɗauka, sannan ka maimaita babban gwajin, da na tsakiya, da bugun sakata, da na gindi, ba tare da ragi ba.

Idan abin da ya yi daidai a waje ya canza a ciki, gogayya ce. Shafa jan baki ko baƙin maka a gefen akwatin kunama da hannun sefti, mayar da ƙarfen, motsa sefti, sake fitarwa. Inda launin ya manne a katako nan za ka rage da magagari, kaɗan-kaɗan. Katako ake ragewa. Hannun sefti da haƙori ba a kai musu magagari.

Sai ma'auni. Maƙala shi a tsakiyar kunama ka ja miƙe zuwa baya a hankali, sau biyar zuwa goma, ka rubuta. Lambobin su kasance kusa da juna. Kunamar da yau ta ba ka kilo ɗaya da rabi, ja na gaba ta ba ka giram 900, akwai abin da ke motsi a cikinta. Ga bindigar da za a yi yawo da ita a daji, ni ban ga dalilin sauka ƙasa da laba 3 ba. Masu gasar harbi daga kan benci suna amfani da kunamar da giram 60 ma ke tayar da ita, amma bindigarsu a kan tebur take kwance, ba sa rufe sakata sai sun shirya harbi, ba mai hawa dutse da ita da gumi a yatsa.

Mai bindigar da ke ɗana kanta bayan harbi, irin Ruger 10/22, yana da ƙarin gwaji ɗaya. Ja kunama ka riƙe ta a baya, da ɗaya hannun ka ja sakata ka saki, sannan ka sassauta yatsa a hankali. Za ka ji ɗan ƙas na komawa, amma gudumar ciki mai bugun allura kada ta faɗi sai ka sake ja. Idan ta faɗi da sakin yatsa, bindigar za ta iya yin harbi biyu a ja ɗaya.

Idan ta faɗi gwaji

Sau ɗaya ya isa. Kada ka ce cikin ashirin ɗaya ne kawai, ko ka sake gwadawa har ta ba ka amsar da kake so. Cire sakata, ɗaura wa bindigar takarda mai cewa ba ta da lafiya, don wani a gidan kada ya ɗauka. Idan kai ka taɓa sukurorin daidaitawa, mayar da su yadda suka zo. Galibi uku ne: na nauyi, wanda idan an sassauta shi da yawa kunama ba ta komawa, na zurfin riƙon haƙori, wanda kamfanoni ke saitawa su rufe don kada a taɓa, da na tsayar da kunama bayan harbi, wanda idan an matse shi haƙori yakan sauka yana gogayya ko ya ƙi sauka. Sauƙin kunama kada a neme shi ta hanyar rage riƙon haƙori. Idan ka ƙara nauyi matsalar ba ta tafi ba, mayar da tsohuwar kunama ko ka kai wa gwani. Daidaita seftin Mauser ko Winchester da sabon haƙori aikin cire ƙarfe ne a wurin da ba a iya mayarwa, ba na koyo ba ne. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta sa mallakar bindigar farauta sai da lasisi, gyaranta ma sai a wurin da hukuma ta ba izini, saboda haka ka nemi mai gyaran da ke da takarda.

Idan ta ci komai, ɗiga ɗan jan farce a kan kowane sukurun daidaitawa. Zai riƙe shi, kuma ranar da ya motsa za ka ga fentin ya tsage. Ɗigo ɗaya a kai kawai, kada ya gangara ciki. Kada ka zuba mai ko giris a akwatin kunama. Mai yana kama ƙura, ƙurar hunturu kuwa ba ramin da ba ta shiga, su haɗu su zama danƙo, danƙon ya hana kunama komawa da sanyin asuba. Wanke ta da man laita ka bar ta ta bushe. Wurin goge bututu ma ka kifa bindigar ko ka toshe, kada ruwan wanki ya tsiyaya cikin kunama.

Gwaji na ƙarshe a filin harbi ne, da harsashi ɗaya tak. Bindiga a kan mazauni, bakinta na kallon tudun da ke tare harsashi, kowa yana bayanka. Rufe sakata da ƙarfi. Sa sefti, cire, sa, cire, yatsa a waje. Sannan ka harba. Yi haka da ɗaya-ɗaya sau biyar kafin ka cika gida. Bugun harbi yana girgiza abin da gudumar roba ba ta kai ba, don haka bayan ka gama ka sauke harsashi, ka duba jan farcen, ka taɓa sukurorin ƙota, ka sake babban gwajin a nan filin. Ka kuma sake shi duk lokacin da ka fitar da ƙarfe daga ƙota, da bayan bindigar ta faɗi ko ta sha ruwa, da farkon kowace kakar farauta idan ta daɗe a ajiye.